Yadda muka zaga Saigon ni da Kawu

'Yan kasuwarmu da ke zuwa birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam suna da wata al'ada da ba ta yi mini daɗi. Mutum zai sauka a filin jirgin Tan Son Nhat da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da gwangwanayen kifi cike da jaka, ya shige ɗakin otal, ba zai leƙo waje ba sai motar masana'anta ta zo ɗaukarsa. In ya dawo gida ka tambaye shi yaya garin, sai ya ce maka garin alade ne, babu abin da Musulmi zai sa a bakinsa. Kawuna ma a kan haka yake tun da ya fara zuwa. Tsoron nasu yana da tushe, don alade yana cikin tukunyar mutanen nan fiye da yadda baƙo zai zata. Amma tsoro daban, sani daban. Da muka sami ranar da babu aiki sai na ce masa, "Kawu, yau dai a bar mini jagorancin tafiya." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, sharaɗi biyu ne. Kada salla ta kuɓuce mana a kan titi, kada kuma ka ba ni abin da ban san asalinsa ba." Ni kuma na ƙara na uku a zuciyata, wato gwiwarsa da ba ta son doguwar tafiya.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne wuraren da baƙo ke son gani duk a dunƙule suke a tsakiyar gari, wanda mutanensa har yau Saigon suke ce masa duk da an sauya masa suna tun 1976. Sai na ɗora wunin a kan lokutan salla: da safe gidan tarihin yaƙi da tsohuwar fadar shugaban ƙasa kafin rana ta take, azahar a babban masallaci, abinci a kusa da shi, kasuwa da la'asar, bakin kogi bayan magariba. Watan Fabrairu ne, rani ne a wurinsu, babu fargabar ruwan sama, sai dai zafi mai ɗanko da ke farawa tun hantsi.

Kafin mu fita na zaunar da Kawu muka yi karatun kuɗi. Sunan kuɗinsu dong, kuma a lokacin dalar Amurka ɗaya tana kan dong 25,000 da ɗoriya, saboda haka komai da dubbai ake faɗarsa. Ba a amfani da sulalla ko kaɗan. Abin da ya fi rikita baƙo shi ne takardar 500,000 da ta 20,000, duka biyun shuɗaye ne, duka na leda, duka da hoton Ho Chi Minh, jagoran ƙasar da aka sa wa birnin sunansa. Na ware manyan na sa a aljihun ciki, ƙananan a aljihun gaba. Na kuma buɗe manhajar Grab a waya, don ita ce ke raba baƙo da gardamar kuɗin mota: ka sa inda za ka, ta nuna maka farashi kafin ka shiga, shi ke nan. Tana kiran babur, tana kiran mota. Saboda Kawu, mota muka riƙa kira.

Wanda ya san Kano kafin a hana acaba a 2013 zai ɗauka ya san cunkoson babura, sai ya zo nan ya ga bai ga komai ba. Babura masu rajista a birnin sun haura miliyan 8. Uwa da 'ya'ya biyu, mai ɗauke da firiji, mai kejin kaji, ma'aikaciyar banki da takalmi mai tsini, kowa a kan babur, kowa da hular kwano, don doka ta tilasta ta tun 2007 kuma ana bi. Tsallaka titi shi ne darasin farko. Ba a jiran hanya ta yi fili, don ba za ta yi ba. Sauka ake yi a hankali, a riƙa tafiya taki ɗaya, ba gudu, ba tsayawa kwatsam, ba ja da baya. Masu baburan su ke lissafa tafiyarka su kauce ta gabanka ko ta bayanka. Bas da mota kuwa ba a gwada musu wannan. Na riƙe hannun Kawu muka sauka. Har muka kai ɗaya gefen bakinsa bai daina motsi da addu'a ba, da muka hau dakali ya ce, "Ashe suna gani."

Karin kumallo burodi zalla muka saya, da ƙwai da aka soya a gabanmu da man gyaɗa daga kwalba da na gani da idona. Wannan burodin, da suka gada daga Turawan Faransa, shi ne tarko na farko. Banh mi suke ce masa, kuma kafin a sa komai a ciki sai an shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade, ko da kaza ka ce a sa maka. In ba ka tsaya a kai ba, hannun mai sayarwa ya riga ya saba. Muka haɗa da gahawa a wani ɗan shago mai ƙananan kujerun roba. Ana ɗora wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ƙananan huji a bakin kofin gilashi, a zuba garin gahawa a danne, a zuba tafasasshen ruwa, ya riƙa ɗiga a kan madarar gwangwani mai kauri da ke ƙasa. Sai ya gama ɗiga a juya, a juye a kan ƙanƙara. Ɗaci da zaƙi ne suka haɗu, kowanne da ƙarfinsa. Bayan Birazil babu ƙasar da ta kai Biyetnam noman gahawa, kuma mafi yawanta irin robusta ce daga tsaunukan tsakiyar ƙasar, wajen Buon Ma Thuot, shi ya sa take da kaifi haka.

Gidan tarihin yaƙin Biyetnam, yaƙin da arewacin ƙasar ya gwabza da kudanci mai samun goyon bayan Amurka, yana kan titin Vo Van Tan, ana buɗe shi da ƙarfe 7:30, kuɗin shiga dong 40,000. A harabar an jera abin da sojan Amurka suka bari: tankoki, manyan bindigogi, jiragen yaƙi, da wani ƙaton jirgi mai saukar ungulu. A nan mutane ke ɗaukar hoto suna dariya. Da an hau bene dariyar take ƙarewa. Akwai lif, na sa Kawu a ciki muka fara daga sama muna saukowa.

Ɗakin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gubar feshi. Tsakanin 1961 da 1971 an fesa kimanin lita miliyan 80 na maganin kashe tsirrai a kan dazuzzuka da gonakin kudancin ƙasar, don a ƙone ganyen da mayaƙa ke ɓuya a ciki, a kuma lalata abincinsu. Mafi shaharar maganin shi ne wanda ake kira Agent Orange, kuma a cikinsa akwai gubar dayoksin wadda ba ta barin ƙasa da jiki da wuri. Hotunan da ke bango na yara ne da aka haifa bayan an gama yaƙin da shekaru, wasu jikoki ne ma: babu idanu, babu hannuwa, kai ya kumbura, ƙashin baya ya karkace. Kawu manomi ne kafin ya zama ɗan kasuwa, ya san maganin feshi, ya san abin da yake yi wa ciyawa. Ya daɗe a gaban hoton wata gona da ta koma tsirara, sannan ya ce a hankali, "Wanda ya fesa wa gonar mutum guba, ai cikin 'ya'yansa ya fesa wa." Daga nan muka shiga sashen My Lai, ƙauyen da sojan Amurka suka shiga ranar 16 ga Maris 1968 suka kashe mutum 504 bisa lissafin Biyetnam, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Hafsa ɗaya tak aka samu da laifi, William Calley, shi ma hukuncin ɗaurin rai da rai da aka yanke masa ya ƙare a 'yan shekarun tsare a gida. Akwai kuma ɗakin hotunan da masu ɗaukar hoto fiye da 130 na ɓangarori daban-daban suka ɗauka kafin yaƙin ya ci su. Wasu hotunan daga fim ɗin ƙarshe da aka samu cikin kyamararsu aka wanko su.

Gaskiya ita ce gidan bakin waɗanda suka ci yaƙi ne. Ba za ka ga labarin sansanonin da aka tsare jami'an tsohuwar gwamnatin kudu bayan 1975 ba, ko na ɗimbin mutanen da suka tsere ta teku cikin ƙananan jiragen ruwa, da yawansu suka halaka. Da aka buɗe shi a 1975 ma sunansa gidan nuna laifukan Amurka da 'yan korenta ne, sai a 1995, shekarar da Amurka da Biyetnam suka maido da hulɗa, aka sa masa sunan da yake da shi yanzu. Duk da haka abin da ke bangon nan ya faru, kuma ina ganin bai kamata mutum ya zo garin nan neman riba ya koma bai tsaya a gabansa ba. Mai zuwa da yara ƙanana dai ya yi tunani kafin ya hau da su sama.

Daga nan zuwa Fadar 'Yanci tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, ƙarƙashin manyan itatuwa. A wannan tsakanin ne masu kwakwa ke tare baƙi. Mutum zai zo da sanda a kafaɗa da kaya rataye gaba da baya, ya ɗora maka ka ɗauki hoto, kafin ka ankara ya sare kwakwa biyu ya miƙo, sannan ya faɗi kuɗin da ya ninka na gaskiya sau da yawa. A gabanmu aka yi wa wasu Turawa. Murmushi da girgiza kai da ci gaba da tafiya sun wadatar.

Fadar ita ce mazaunin shugaban Biyetnam ta Kudu. Tsohuwar ta zamanin Faransa matuƙa jirgin sama biyu na sojan kudun ne suka jefa wa bam a 1962, shugaban kudun na lokacin, Ngo Dinh Diem, ya sa aka rushe aka fara sabuwa, amma an kashe shi a 1963 bai shige ta ba. An gama ta a 1966, Shugaba Nguyen Van Thieu ya zauna a ciki har 1975. Ranar 30 ga Afrilun wannan shekarar tankokin arewa suka banke ƙofar, yaƙi ya ƙare. An bar komai yadda yake: ɗakin taron ministoci, manyan darduma, wayoyin tarho masu murɗawa, jirgi mai saukar ungulu a kan rufi. Kawu ya zauna a inuwa a ƙasa, ni na sauka ginin ƙarƙashin ƙasa, inda taswirorin yaƙi ke manne a bango da na'urorin oba-oba a ƙananan ɗakuna marasa taga. Wannan sashen ya fi ɗakunan alfarma na sama faɗa wa mutum halin da masu mulkin suke ciki.

Babbar majami'ar Notre-Dame, wadda aka gina da jan bulo tsakanin 1877 da 1880, a lulluɓe take da ƙarafan gyara tun 2017, daga waje muka dube ta. Babban gidan waya da ke gefenta kuwa yana aiki har yau. An gama shi a 1891, rufinsa a lanƙwashe, da tsofaffin taswirori biyu zane a bango da ƙaton hoton Ho Chi Minh a ƙurya. Mun sha iskar fanka, muka fito, don ƙarfe 12 ta gabato.

Masallacin yana lamba 66 a titin Dong Du, a tsakanin dogayen otal-otal, har in ba ka sani ba sai ka wuce shi. 'Yan kasuwa Musulmi daga kudancin Indiya ne suka gina shi a 1935. Da ka shiga ƙofar ƙarar babura take ja baya. Farin gini ne da ratsin kore, da siraran hasumiyoyi huɗu, da baranda mai sanyin tayil inda wasu ke kishingiɗe suna jiran lokaci, da kwarmin ruwa na alwala a gefe. Kawu ya cire takalmi ya taka tayil ɗin, na ga kafaɗunsa sun sauka. Alƙibla a nan yamma take kallo, ta ɗan karkata arewa, abin da zai ɗaure wa duk wanda ya tashi yana fuskantar gabas kai a ranar farko. A sahu akwai 'yan Maleshiya da Indunusiya, da 'yan Pakistan, da Larabawa, da wasu 'yan Afirka ta Yamma, sai kuma masu gida, 'yan ƙabilar Cham, da zanensu ɗaure a ƙugu da farar hula.

Musulmin ƙasar ba su kai 100,000 ba a ƙidayar 2019, cikin mutum miliyan 96. Yawancinsu Cham ne, zuriyar tsohuwar daular Champa, kuma waɗanda ke birnin nan da dama asalinsu daga lardin An Giang ne, wajen Chau Doc kusa da iyakar Kambodiya. 'Yan tsirarun nan su suka riƙe masallatai, suka riƙe yanka, suka riƙe tukunyar da baƙo irinmu zai ci hankali kwance. Bayan sallama wani dattijo ya miƙo wa Kawu hannu. Ba Turanci a bakinsa, ba yarensu a bakin Kawu, sai suka haɗu a 'yar Larabcin makarantar allo. "Min aina?" "Najeriya." Dattijon ya dafa ƙirji ya ce, "Ahlan, ya Hajji." Da na yi masa alamar abinci da hannu, bai yi kwatance ba, ya sa takalmi ya raka mu har ƙofar wani gidan abinci a kan titin, ya yi wa mai wurin magana, ya juya. Ko ruwa ya ƙi tsayawa ya sha.

A nan Kawu ya fara cin abincin Biyetnam. Pho muka ce a kawo, na naman sa. Kwano ne mai zurfi, da farar taliyar shinkafa mai faɗi a ƙasa, da yankan nama siriri a sama, sai a kwarara romo mai tururi wanda shi ke ƙarasa dafa naman a gabanka. Romon garau yake, kana hango taliyar ta cikinsa, amma an kwana ana dafa ƙashi a ciki da gasasshiyar albasa da citta da kirfa da kanumfari da wani ɗan itace mai siffar tauraro. A gefe aka ajiye faranti cike da ɗanyen ganye: ɗoɗɗoya, tsiron wake, lemon tsami, yankakken barkono. Kai za ka tsinka ganyen da hannu ka zuba, ka matsa lemon, ka sa yajin daidai bakinka. Kawu ya ture 'yan sandunan cin abincin gefe ya ɗauki cokali mai yatsu. Ya kurɓi romon, ya sake kurɓa, ya ce, "Ɗana, wannan ai maganin mura ne." Ya cinye tas har ya ɗaga kwanon.

Dalilin da ya sa na nace sai gidan Musulmi shi ne, a sauran wurare ko an rubuta naman sa ba ka san yankan waye ba, wasu kuma suna haɗa ƙashin alade a romo don ya yi zaƙi. Shinkafar da aka fi ci a garin, com tam, da gasasshen alade take zuwa. Naɗin nan na ganye da jatan lande da ake gani ta cikin farar fatar shinkafa, akwai yankan alade kwance a ƙarƙashin jatan landen. Inda babu gidan halal, mafita ita ce gidajen da aka rubuta wa chay, na mabiya addinin Buddha masu ƙaurace wa nama gaba ɗaya. Suna ko'ina, kuma abincinsu da araha.

Mun bar kasuwar Ben Thanh sai bayan azahar da gangan. 'Yan kasuwar nan suna camfa cinikin farko na safe: in ka taya ka tafi ba ka saya ba, suna ganin ka ɓata musu wunin, har wasu kan ƙona takarda don korar rashin sa'ar. Da rana kuwa kowa ya riga ya buɗe hannu, ana ciniki ba ɓacin rai. An buɗe kasuwar a 1914, tana da manyan ƙofofi huɗu, da hasumiyar agogo a ƙofar kudu wadda ita ce alamar garin. A ciki rumfuna sun fi dubu, lungunan ƙunci ne, ga zafi, ga hannuwa da ke kamo rigarka ta ko'ina. Na fara zagawa da Kawu ta layin gefe, inda ake da shagunan da farashinsu a rubuce yake ba ragi, don mu san kimar kaya kafin mu shiga tsakiya. Wannan zagayen ya fi komai amfani.

A ciki da kalkuleta ake magana. Mai rumfa ta buga lamba ta miƙo, ka goge ka buga taka. Wata mata ta sa wa mayafi mai sulɓi 450,000. Kawu ya karɓi na'urar da kansa, ya murza yadin tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ga haske, ya buga 150,000. Ta dafe kai ta yi ƙara kamar an mare ta, tana dariya. Ta sauko 350,000. Ya ƙara kaɗan, ya nuna mata yatsu cewa guda biyar zai ɗauka. Da ta tsaya a 250,000 sai ya ajiye mayafin a hankali, ya gode mata, ya juya. Ba mu yi taku goma ba ta biyo mu da kayan a hannu tana cewa, "Papa, papa, okay." A 200,000 aka sallama. Daga baya ya ce mini ba alharini ne zalla ba, gauraye ne, kuma a kan haka ya taya. Jakunkuna da agogo masu sunayen manyan kamfanoni kuwa duk jabu ne, masu sayarwar ma ba sa ɓoyewa.

A layin busassun kaya ne Kawu ya tsaya cak. Kashu ne, wato ƙwayar yazawa, jibge a ko'ina, wasu a buhu, wasu cikin zagayayyun robobi an jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar fure. Irin na garin nan da ɓawon ciki ake gasa shi da gishiri, ka murza da yatsa ɓawon ya fita, ƙwayar ta fito da garɗi. Ya ɗauki guda ya juya ta, ya ce wannan manya ne, ko na Binh Phuoc ko na Kambodiya. Namu da ake saye a Anyigba da Ogbomosho da ƙauyukan Kwara, a shanya, a ɗura a buhun algarara, a loda a Legas, a sauke a tashar Cat Lai ta garin nan, yawanci shi ake fasawa a ware shi zuwa lamba 320 da 240, gwargwadon yawan ƙwaya a laba ɗaya, a tura Amurka da Turai da Sin. Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen fitar da ɓararren kashu, a 2024 ta sayar da na fiye da dala biliyan 4, alhali mafi yawan ɗanyen daga waje take sayowa: Kambodiya, Kwaddibuwa, Gana, Najeriya, Tanzaniya. Ana buƙatar kilo 4 zuwa 5 na ɗanye kafin a sami kilo ɗaya na ƙwaya. Kawu ya tambayi kuɗin kilo, ya yi lissafi da baki, ya kwatanta da abin da ake ba manomi a bakin gona. "Ka gani ko? Mu ke da itacen yazawa, su ke da injin fasawa. Tsakanin nan arzikin yake." Wannan maganar ta fi zafi a gaban rumfar fiye da a kan takardar kwangila, kuma na so a ce duk mai turo kwantena ya zo ya tsaya a wurin. Mun sayi na tsaraba, wanda aka zuƙe wa iska aka liƙe.

Gahawa ma akwai abin lura. Suyar gargajiya da man shanu da sukari ake yi, wasu har da ɗan giya don ƙamshi. Na nemi tsabar da aka soya zalla, wadda ba ta ƙyalli da maiƙo, na sa aka niƙa a gabana, na haɗa da 'yan gwangwanayen tacewa. Wadda ake tallatawa da cewa daga cikin wata dabbar daji ta fito, ban ko tsaya ba.

Daga ƙofar yamma muka tsallaka zuwa titin Nguyen An Ninh, wanda ake wa laƙabi da titin Maleshiya. Gajere ne, amma daga farkonsa zuwa ƙarshe shagunan hijabi ne da dogayen riguna da kayan sallar mata masu aikin zare, da gidajen abincin halal. Masu shagunan suna jin Malayanci, har da kuɗin Maleshiya suke karɓa. Wata 'yar Cham da lulluɓinta ta yi mana sallama cikakkiya, ta kawo wa Kawu kujera ba tare da an roƙa ba. A wurinta na sayi hijaban salla na Inna da na iyalina. Ɗinkin yana da kyau, kuma farashin da ta fara faɗa bai yi nisa da wanda aka tsaya ba. A saman wani gidan abinci na titin muka yi la'asar, muka sauko muka sha ruwan rake da ake matsewa tare da wani ɗan ƙaramin lemo, muka ci 'ya'yan itacen da ban taɓa gani ba, wani mai jan gashi a jiki, wani mai baƙin ɓawo da farin ciki mai zaƙi-zaƙi da tsami-tsami.

A bakin kasuwar akwai tashar jirgin ƙasan birni, layin farko da aka buɗe ranar 22 ga Disamba 2024 bayan an shafe shekara 12 ana gini da rancen Japan. Tasha ɗaya kawai muka yi a ciki, zuwa gidan wasan kwaikwayo, muka fito kusa da titin Nguyen Hue, faffaɗan filin da mutanen gari ke fitowa shan iska. Daga nan masallaci ba nisa. Magariba wajen ƙarfe 6 take yi. Liman ya bayyana bisimilla a fatiha, don Cham ɗin kudu Shafi'awa ne, Kawu ya ankara da haka ya yi mini bayani a hanya.

Daga masallaci zuwa mashigar Bach Dang 'yar tafiya ce. Akwai jiragen shaƙatawa masu abinci da kiɗa da giya, masu tsada. Mu jirgin haya na ruwa muka shiga, na dong 15,000, wanda ma'aikata ke hawa. Ya bi da mu ta gaban dogayen gine-gine har muka hango Landmark 81, mai tsayin mita 461, yana walƙiya. Kawu ya miƙe ƙafarsa a kan benci yana murza gwiwa, yana ƙirga jiragen dakon kaya da ke wucewa. Muka sauka a wata tasha ta gaba muka jira mai dawowa. Tikitin yamma yana ƙarewa da wuri, gara a saya na zuwa da dawowa tun kafin a tafi salla, kamar yadda muka yi.

Abincin dare a Dong Du muka sake ci, shinkafa da kifi da aka dafa a tukunyar ƙasa da miyar kifinsu mai gishiri da sukari, da soyayyen ganye da tafarnuwa. A bakin titi ina kiran mota, wani mai gadi ya matso ya yi mini alama in ja da baya daga gefen kwalta in riƙe wayar da hannu biyu, saboda masu fizge a kan babur. Na koma jikin bango na ƙarasa.

A otal muka baje kayan a kan gado muka raba: kashu da gahawa cikin babbar jaka, yadi da hijabai a naɗe a tsakaninsu. Sauran dong ɗin na ware wanda zai kai mu filin jirgi, ragowar kuma na ajiye don a mayar da shi dala a banki kafin mu tashi, domin da wuya ka sami ɗan canji a Wapa da zai karɓe shi. Kawu ya ce in rubuta masa lambar masallacin da sunan titin a bayan fasfo ɗin rigakafinsa, da manyan baƙaƙe, yadda zai iya nuna wa direba.